Yadda ake zaɓar birki, rim da taya ga tsohuwar motar da aka ƙara wa ƙarfi

Kusan duk wanda ya tayar da tsohuwar mota, ya sauya mata inji ko ya ƙara wa nata ƙarfi, abin da yake fara saye bayan fenti shi ne rim. Ba abin mamaki ba ne, rim ido ke gani, birki kuwa yana ɓoye a bayansa. Sai an kawo rim gida an sa musu tayoyi, sannan a tuna cewa motar da aka ƙera da ƙarfin doki 60 yanzu tana da 130, amma birkinta na zamanin kakanni ne. A je a sayo babban diski, a ɗaura, rim ya ƙi zama a kansa. Tufka da warwara ke nan, kuma ni ma na taɓa yin ta: rim huɗu masu kyau suka shekara a kusurwar gareji saboda milimita biyar kacal.

Jerin da ya dace shi ne birki, sannan rim ɗin da zai rufe birkin, sannan tayar da za ta zauna a kan rim ɗin ba tare da ta goge jikin mota ba. Kowane ɗaya yana iyakance na bayansa. Kuma duk tsawon aikin, tef ɗin awo ya riga aljihu magana.

Mataki na farko: takarda da biro

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, rubuta abu huɗu. Nauyin motar yanzu, ba wanda ke cikin littafinta ba, domin sabon inji yakan ƙara ko ya rage nauyin gaba. Gudun da za ka riƙa yi da ita da gaske. Inda za ta riƙa bi: yawon cikin gari ne, doguwar tafiya ce, hanyar duwatsu mai gangara ce, ko filin tsere. Sai girman taya da rim na asali, wanda za ka samu a littafin motar ko a buge a jikin tsohon rim.

Batun gudu yana da lissafin da mutane ba su cika yi ba. Aikin birki shi ne mai da tafiyar mota zafi, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Idan ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha ya ninku sau huɗu. Ko daga kilomita 100 a awa zuwa 140, aikin birki ya kusa ninkuwa biyu. Don haka motar da sabon injinta zai sa ka riƙa taka ta zuwa 140 tana buƙatar birkin da ya kusa ninka na da wajen jure zafi, ko da nauyinta bai ƙaru da kilo ɗaya ba.

Mataki na biyu: birki

Fara da gyara abin da ke jikin motar. Yawancin tsofaffin motocin da ake cewa ba su da birki, ba ƙirar ce ta gaza ba, shekaru ne suka ci ta. Tiyon roba yakan kumbura daga ciki, fistin ya maƙale, bututun ƙarfe ya yi tsatsa, mai ya sha ruwa. Sauya tiyo duka, duba bututu daga gaba har baya, gyara ko sauya duk abin da ke yoyo, sannan ka tuƙa ta. Sai ka san ainihin birkin da kake da shi za ka san abin da ya rage.

Abu na biyu, kuma a wurina shi ya fi babban diski muhimmanci, shi ne masta, wato famfon da ke tura mai idan ka taka birki. Motoci da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960 layi ɗaya ne da su: famfo ɗaya yana ciyar da ƙafafu huɗu. Tiyo ɗaya ya fashe, feda ta tafi ƙasa, ba ka da komai sai birkin hannu da addu'a. A ƙarshen shekarun 1960 ne Amurka ta wajabta masta mai layi biyu, wanda idan ɓangare ɗaya ya zubar da mai, ɗayan zai ci gaba da aiki. Idan motarka mai layi ɗaya ce, wannan sauyin ba na ado ba ne, yi shi kafin komai.

Sai maganar ganga da diski. Birkin ganga ba rago ba ne a taka ɗaya, yana kama mota sosai. Matsalarsa zafi ce. Gangar a rufe take, iska ba ta shiga, kuma idan ta yi zafi takan buɗe ta nisanci takalmin da ke cikinta, sai ka ji feda tana ƙara nisa a taka ta uku ko ta huɗu a kan gangara. Diski a fili yake, iska na dukansa. Wannan bambancin ne ya taimaka wa Jaguar ta ci tseren Le Mans a 1953 da diskin Dunlop, kuma a 1955 Citroën DS ta fito da diski a gaba a matsayin motar kasuwa.

Ga motar titi, diski a gaba ya isa a mafi yawan lokuta. Idan ka taka birki nauyi yana zubowa gaba, ƙafafun gaba ne ke ɗaukar kashi biyu cikin uku na aikin ko fiye. Gangar baya mai lafiya tana iya sauran, kuma tana ba da birkin hannu mai riƙo fiye da yawancin diskin baya da ake liƙawa daga baya. Diski huɗu yana da kyau a hoto, amma a kan ƙaramar mota mai yawon gari sau da yawa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Kafin ka sayi kayan sauyi daga waje, duba dangin motarka. Kamfanoni da yawa sun sa diski a ƙirar da ta biyo baya ko a babbar 'yar'uwarta, kuma waɗannan sukan shiga da ƙaramin aiki, kayan gyaransu ma ba sa wuyar samu. Tsohuwar motar Mini misali ce mai kyau: ta fara da rim mai inci 10, kuma da aka ba ta diski mai inci 8.4 a 1984 sai da aka koma rim mai inci 12. Ka ga ko kamfanin da ya ƙera motar, birki ne ya zaɓa masa rim. A ƙiyasi, diski mai milimita 280 yakan nemi rim mai inci 15, mai 330 kuma yakan nemi 17, amma siffar kalifa, wato maƙalar da ke matse diskin, ita ce ke yanke hukunci.

Yanzu ga inda aiki yakan lalace. Kalifa tana shan mai fiye da ƙaramin fistin na ganga, tana kuma son matsi mai yawa. Idan ka bar tsohon masta, ko dai feda ta yi nisa, ko ta yi tauri kamar dutse. Ƙa'idar ita ce: masta mai ƙaramin rami yana ba da matsi mai yawa amma feda ta yi tafiya mai nisa, mai babban rami kuma feda ta tsaya a sama amma sai ka sa ƙarfi. Mutane sukan ɗauka babba shi ne mai ƙarfi, alhali akasin haka ne. Inda babu busta mai taimaka wa ƙafa, rami tsakanin inci 7/8 zuwa inci 1 aka fi amfani da shi. Idan za ka sa busta, ka tuna zuƙar iskar inji take amfani da ita, kuma injin da aka sa wa kam irin na tsere, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, zuƙarsa takan ragu idan yana aiki mota na tsaye. Ga busta, ga feda mai tauri, mai mota ya rasa dalili.

Akwai kuma wani ɗan bawul da ke cikin tsohon masta na ganga, wanda ke riƙe matsi kaɗan a layi, kimanin psi 10 a ma'aunin matsi, don takalmin birki ya kasance a shirye. Idan ka bar shi a layin da yanzu ke ciyar da diski, birki zai riƙa jan ƙafa yana zafi ko ba ka taka ba. Cire shi daga layin gaba, bar shi a na baya idan ganga ce. Inda masta ke ƙarƙashin daɓen mota, ƙasa da kalifa, ana sa mai psi 2 don kada mai ya gangaro.

Abu na ƙarshe a nan shi ne rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya. Dole gaba ya riga baya kullewa. Idan tayoyin gaba suka kulle, mota za ta zame ta miƙe. Idan na baya suka riga, gindinta zai juyo ya wuce kanta. Sa bawul mai daidaitawa a layin baya, za mu koma kansa wajen gwaji.

Fad kuwa, wato abin da kalifa ke matsawa a jikin diski, sayi na titi mai kyau. Na tsere sai ya yi zafi yake kamawa, a sanyin safiya a mahaɗar farko ba abokinka ba ne. Man birki DOT 4 ya wadatar: sabo yana tafasa ne a sama da digiri 230, DOT 3 kuma 205, amma dukkansu suna shan danshi daga iska, shi ya sa ake sauyawa duk shekara biyu. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran, kuma kada lambar ta ruɗe ka, DOT 5.1 ɗan gidan DOT 4 ne. Wasu tsofaffin Citroën koren mai na LHM suke sha, wani man daban zai cinye robobinsu.

Mataki na uku: rim

Da birki a jikin mota, yanzu za ka iya awo. Abu huɗu ne za su yi daidai, in ɗaya ya kuskure rim ɗin ba naka ba ne.

Na farko ramukan noti. Za ka ga an rubuta kamar 5x112: rami biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112. Mai rami huɗu awonsa mai sauƙi ne, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na gabansa ta tsallaken cibiya. Mai biyar, auna tsakanin ramuka biyu maƙwabta ka ninka da 1.701. Yi da ma'auni mai kyau, domin tsakanin 5x112 na Mercedes da 5x114.3 na Ford Mustang mai inji V8, bambancin ramuka maƙwabta bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Haɗarin yana wurin masu kama da juna. Chevrolet na da 5x120.65, tsofaffin BMW 5x120. Mini 4x101.6, motoci da yawa na baya 4x100, Fiat 4x98. Rim zai shiga, noti zai ɗauru, amma kowane noti yana zaune a karkace yana lanƙwasa ƙusarsa, har ranar da ɗaya za ta karye. Kusan daidai ba daidai ba ne. Wasu motocin kuma nasu daban yake: Peugeot 504 tana da 4x140, Volkswagen Beetle ta fara da 5x205 kafin ta koma 4x130 a ƙarshen shekarun 1960. Masu irin waɗannan zaɓinsu kaɗan ne, gara su sani tun da wuri.

Na biyu ramin tsakiya. Idan ya fi cibiyar ƙafa ƙanƙanta, ba zai shiga ba. Idan ya fi ta girma, sa zoben da ke cike giɓin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa ko an yi balansin sau goma.

Na uku shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane: yadda rim ke shigewa ciki ko fitowa waje. A bayan rim za ka ga rubutu kamar 7Jx15 ET25. Faɗi inci 7, tsayi inci 15, ET kuma nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne da cibiya, a milimita. Lamba ta ƙaru, rim ya shige ciki. Ta ragu, ya fito waje. A ce na asali faɗinsa inci 5.5 ne da ET30, kana son mai inci 7 da ET25. Faɗi ya ƙaru da milimita 38, wato 19 a kowane gefe. ET ya ragu da 5, duk rim ɗin ya matso waje da 5. Ke nan gefen waje ya fito da milimita 24, na ciki ya shige da 14. Je ka mota da tef ka ga ko kana da 24 kafin leɓen madigadi, da 14 kafin shokozoba ko sifirin. Ka tuna idan ka sa diski a madadin ganga, fuskar cibiya kan matso waje da 'yan milimita, don haka sake awo bayan sauyin.

Kada ka yi nisa da ET na asali don kawai taya ta cika madigadi. Idan taya ta fito waje da yawa, sitiyari yakan yi nauyi, ya riƙa fizga a rami da wajen taka birki, boris ɗin ƙafa kuma ya mutu da wuri. A motar da ba ta da fawa a sitiyari, hannunka ne zai biya.

Dabara mai araha: yanka kwali daidai da siffar cikin rim ɗin da kake so, ko ka ari guda ɗaya ka gwada kafin ka biya kuɗin huɗu. Tsakanin kalifa da rim a bar aƙalla milimita 3 ta ko'ina, har da wurin da za a manna dalmar balansin.

Na huɗu noti. Mazauninsa iri uku ne: mai tsini, mai zagaye kamar na Mercedes da Volkswagen, da mai faɗi. Rim ne ke zaɓar noti, ba mota ba. Kuma rim na alminiyam ya fi na ƙarfe kauri, tsofaffin ƙusoshi kan yi gajarta. Zare ya kama aƙalla tsawon kaurin ƙusar: ga M12x1.5, wato ƙusa mai kaurin milimita 12 da tazarar zare 1.5, juyi takwas cikakku. Ƙirga su da hannu.

Game da iri, rim mai sauƙin nauyi ya fi, domin duk abin da ke ƙasan sifirin shi ne shokozoba ke fama da shi a kowane rami. Wannan ne ya sa Porsche ta sa wa 911S rim na Fuchs da aka ƙera da matsi a tsakiyar shekarun 1960, masu tseren Mini kuma suka rungumi rim na Minilite. Ra'ayina shi ne inci ɗaya ko biyu sama da na asali ya isa. Tsohuwar mota a kan inci 18 kamar dattijo ne cikin takalmin 'yan ƙwallo. Idan tsohon rim za ka saya, musamman na magniziyam, a duba tsagewa da kyau, kuma wanda aka yi wa walda a bar wa mai shi. Sababbin kwaikwayo kuwa, nemi tambarin gwaji irin JWL na Japan ko takardar TÜV ta Jamus, ka kuma duba nauyin da aka ce yana ɗauka.

Mataki na huɗu: taya

Birki ƙafa yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. Idan birkin da kake da shi yana iya kulle tayoyi, ƙarin birki ba zai rage nisan tsayawa a taka ɗaya ba, taya mai riƙo ce za ta rage. Don haka idan kuɗi ya ƙare, kada ya ƙare a nan.

Karanta gefen taya. A 195/70 R14 91H, faɗi milimita 195 ne, tsayin gefe kashi 70 cikin ɗari na faɗin, rim inci 14. Lamba 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, H kuma gudu har kilomita 210 a awa. T 190 ne, V 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da motar ke buƙata a yanzu.

Abin da za ka kiyaye shi ne tsayin taya gaba ɗaya. Lissafin: faɗi sau kashin gefe, sau biyu, a tara da incin rim sau 25.4. Ga 195/70 R14, 273 da 355.6, ya ba da kusan milimita 629. Idan ka hau inci 15, 205/60 R15 tana ba da 627. A inci 16, 205/55 R16 tana ba da 632. Duk sun zauna. Ka tsaya cikin kashi 3 cikin ɗari na asali, in ba haka ba agogon gudu zai yi maka ƙarya, giya ta sauya hali, tsayin mota daga ƙasa ma ya sauya. Tsofaffin lambobi marasa kashin gefe, kamar 165 R15, ka lissafa su da kimanin 80.

Faɗi ma yana da iyaka. An ƙera ƙafafun tsofaffin motoci ne don siririyar taya mai zagayayyen kafaɗa. Mota na kwanciya a kwana, taya na kwanciya da ita. Faffaɗar taya mai gajeren gefe tana son zama a miƙe, idan mota ta kwanta sai ta hau gefenta, riƙon da ka saya ya tafi, ga bin layin kwalta, ga bugun rami har cikin ƙashin baya. Ƙarin milimita 10 zuwa 20 a kan na asali yakan yi daɗi. Kuma taya ta dace da faɗin rim: 195 tana zama a inci 5.5 zuwa 7.

Idan motar ta fito da taya irin ta da mai zaren gicciye, komawa radiyal, wadda Michelin ta yi wa rajista a 1946, yana gyara riƙo sosai, amma sauya huɗun gaba ɗaya, kada ka gauraya. Rim mai waya da tsofaffin rim marasa tudun riƙe leɓen taya suna buƙatar tif a ciki.

Sai shekaru. Motar da ba a cika fita da ita ba, tayarta tsufa take yi ba cinyewa ba. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 mako na 23 ne na 2019. Idan uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta, ko da zanenta kamar sabo. Daga shekara biyar a riƙa dubawa, ta kai goma a cire.

Mataki na biyar: gwaji

Ɗaga gaba da jak, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, duba ko taya na taɓa bodi ko tana jan tiyon birki. Sauke ta, cika ta da mutane da kaya, sake dubawa, domin gogar ba ta fitowa sai sifirin ya danne. Ɗaure noti da sifana mai auna ƙarfi, a gicciye, gwargwadon abin da mai rim ya faɗa. A yi alaimen.

Nemi fili mara mutane. Fara da zaunar da fad: taka birki da matsakaicin ƙarfi daga kilomita 60 zuwa kusan 10, sau takwas ko goma, ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya ya huce. Bayan haka ka taka da ƙarfi a ƙaramin gudu, wani na tsaye a gefe daga nesa yana kallon ƙafar da ta fara kullewa. In ta baya ce, rage mata matsi a bawul, sake gwadawa, har gaba ya riga. Maimaita a jiƙaƙƙiyar ƙasa da mota babu kaya, domin a nan ne baya ya fi sauƙi. Idan ka dawo, kusantar da hannu ga kowane rim ba tare da ka taɓa diski ba. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa na jan ƙafa.

Sanar da kamfanin inshora abin da ka sauya, ka kuma duba dokar ƙasar da motar take, domin a wasu wurare, kamar Jamus, sai an gwada sauyin an shigar da shi takardun mota. Bayan kilomita 50 zuwa 100 sake ɗaure noti. Sannan ka buɗe but ka ciro safaya, ka gwada ta a ƙafar gaba. Sau da yawa tsohon rim mai inci 14 ba ya hawa kan sabuwar kalifa, notinsa ma daban ne, kuma gara ka gano haka a gareji.